Neman Sunan Kafaran

Tun da na dawo daga kudu ba a bar ni na sha shayi da daɗi a rumfar albasa ba. Duk wanda ya zauna sai ya ce, "Hamidu, wai da gaske na ka kai tsohuwa coci?" Wani ma ya rantse an gan ni ina rawa ana kiɗa. To, rawa dai ban yi ba. Coci kuwa mun shiga, ni da kakata, har a layin gaba muka zauna. Tun da kowa da irin gishirin da yake ƙara wa zancen, ga yadda abin ya faru tun daga farko.

Kakata, wadda muke kira Ayya, ita ta haifi mahaifiyata. A nan Malanbil aka haife ta, aure ya ƙetarar da ita kogi zuwa Gaya, yanzu tana da shekara saba'in ko kusa da haka. Ba ta taɓa ganin ubanta ba. Sojan Faransa ne, mutumin kudu, Kirista, aka turo shi gadin mashigar kogi tun ba a yi gada ba. Mutanen gari ba su wahalar da kansu da sunansa ba, Kafaran kawai suke ce masa, wato muƙaminsa na soja. Ya ga uwar Ayya tana tuyar masa a bakin ruwa, ya nace, aka kai ruwa rana, daga ƙarshe ya yi shahada gaban liman aka ɗaura aure. Liman ya raɗa masa Abdullahi, sunan da bai bi shi ko ƙofar masallaci ba. Wata shida suka yi tare aka kwashe su zuwa yaƙin Aljeriya, Ayya tana ciki. Bai dawo ba.

Mutum ɗaya ce a duk Malanbil ta san sunan da iyayensa suka sa masa, ita ce matarsa. Kun kuwa san matan da. Mace ta kama sunan mijinta na fari? Ko da wuƙa a wuya. Ayya ta tambaya tana yarinya aka ce mata marar kunya, ta tambaya tana babba aka kau da kai. Abin da ta samu bai wuce sunan garinsu ba, da cewa danginsa 'yan cocin Metodis ne, mutane masu yawan waƙa. Tsohuwar ta rasu da sauran a bakinta. Ko a katin Ayya, sunan kawunta ne a wurin uba.

Akwai wata mata da ke sayen albasa a wurina shekara da shekaru, Madam Rozin, tana lodi zuwa kudu. Hausarta ta kasuwa ce, rabi Dandanci, amma wajen ciniki ba ta taɓa ɓatan hanya ba. Wata rana ta ce kada in ajiye mata kaya mako na sama, za ta gida, lokacin kiran sunaye ya zo. Na ce sunayen wa? Ta ce a garinsu, duk shekara in damina ta ɗauke, akwai Lahadi guda da ake karanta sunayen 'yan cocinsu da suka mutu a yaƙe-yaƙen Faransa, in an kira suna sai jinin mai sunan su miƙe su amsa masa. Don dai hira ta yi tsawo na tambayi sunan garin. Da ta faɗa, sai da na ajiye buhun da ke hannuna.

Da yamma na kira Ayya a waya ina yi mata tsiya yadda muka saba. Na ce, "Amarya, na gano miki dangi. Sai ki hwara koyon waƙa." Sai ta ce, "Maigida, yaushe na?" Na gaya mata. Ta ce, "Ka zo ka ɗauke ni." Na ce wasa nake yi, tafiyar yini guda ce cur a mota, ga ciwon gwiwarta. Ta ce, "Ni ba wasa nika yi ba. In anka kira shi ina wurin, jikina shi gaya min."

Kawu Garba, ɗanta da take zaune a gidansa, ya so ya hana. Ya ce, "Ayya, coci hwa! Mi mutanen Gaya za su ce?" Ta ce, "Su ce abin da sunka ga dama. Ba sallarsu za ni yi ba. Kai ka san sunan ubanka, shi ya sa kake da bakin magana." Daga nan shi da kansa ya ɗaure mata jaka.

Gada a rufe take tun rikicin iyakar nan da kowa ya sani, don haka ta ruwa na je, ta ruwa muka dawo. A bakin gaɓar Gaya wani soja ya karɓi katinta ya ce, "Hajiya, ina zuwa?" Ta ce, "Gidan ubana." Ya duba ya ce, "Malanbil ke nan za ki." Da ta ce e da an wuce wurin, amma ina! Sai ta ce, "A'a, wanga da ka gani cikin kati kawuna na. Na gaskiyar shina gaba." Sojan ya ɗaga kai ya ce, "To katin na ƙarya na?" Aka fitar da mu daga layi, na tsaya ina rattaba tarihin gidanmu a rana, mutane na wucewa suna kallonmu kamar waɗanda aka kama da kayan fasa-ƙwauri. Da sojan ya ji cewa uban nata soja ne da ya mutu a fagen yaƙi, sai ya sassauto. Ya miƙa mata katin da hannu biyu, ya ɗauki jakarta da kansa har bakin jirgi.

Kogi ya cika maƙil, sai an taka ruwa kafin a hau kwalekwale. Wani ƙato ya durƙusa zai goya ta, ta ce, "Ni da anka haihwa bakin ruwan ga?" Ta tattare zane ta shiga da ƙafarta, ruwa ya cire mata takalmi guda ya yi Najeriya da shi. Da muka kai tsakiya ta nuna mini wani wuri ƙasa da gada, inda yanzu ba komai sai laka da tarkacen leda. Ta ce nan ne tsohuwar mashiga, nan uwarta ke ajiye tanda. Ta daɗe tana kallon wurin har jirgi ya juya. Da ƙafa guda a takalmi ta shiga ƙasar Benin, 'yan duwan, wato kwastan, suna dariya, ita ko a jikinta.

Washegari bayan sallar asuba muka shiga kar, babbar motar da ke zuwa Kwatano. Hanyar nan na bi ta ban san iyaka ba a gaban motar albasa, amma ban taɓa bin ta da mai tambaya ba. Wane gari na wanga? Gene. Wancan fa? Gonar auduga. Wa ya ce su yi gini haka? Ban sani ba, Ayya. Kayanta jaka guda, buta, darduma, sabon takalmin roba da matata ta saya mata, sai wata baƙar leda da ta rungume ta hana a sa a ƙasan mota. Kafin mu kai Kandi rana ta buɗe, asirin ledar ya tonu. Busasshen kifi ne da daddawa, tsarabar gidan uba, don a cewarta ba za ta shiga wurinsu hannu rabbana ba. Wani mai kwat a kujerar gabanmu ya toshe hanci yana ta faɗa da Faransanci. Ayya ta ce, "Mi yake cewa?" Na ce gaishe ki yake yi. Ta ce Allah sarki, ta kwance leda ta zaro kifi guda ta miƙa masa. Mutumin ya karɓa, ya riƙe shi da yatsa biyu har Bambarake.

Da azahar ta yi ta aika ni in ce wa direba ya tsaya. Direba ya ce sai Faraku. Ba mu yi nisa ba taya ta fashe, muka sauka gindin wata bishiya kusan awa biyu. Ayya ta shimfiɗa darduma ta yi sallarta a natse, ta sayi wagashi, wato cuku, wurin matan Fulani, sannan ta dubi direba yana gumi a ƙarƙashin mota ta ce, "Ai ga shi ka tsaya." Allah ya taimake ni ba ya jin Hausa.

Daga Faraku ƙasa ta fara sakewa. Yare ya canza, masallatai suka ragu, coci-coci suka yawaita, doya ta maye gurbin gero a bakin hanya. Ayya ta bar tambaya. Duk tsohon da muka wuce sai ta bi shi da ido har ya ɓace. Sau ɗaya ta taɓa ni ta ce, "Duba min hancin wancan, bai yi kama da nawa ba?" Na ce, "Amarya, in wani mijin kike nema ki hito hili ki gaya min." Tun da nake da ita ban taɓa yi mata tsiya ta bar ni ba, sai ran nan. A nan ne na fara jin tsoro. Sai lokacin na gane cewa na ɗauko tsohuwa da burin shekara saba'in a kan maganar da na ji a bakin ciniki, kuma in babu komai a can, ni ne zan dawo da ita.

Gab da magariba muka sauka Dasa. Madam Rozin na jiran mu da masu babur, waɗanda mu muke ce wa kabu-kabu su kuma zemijan. Garin nasu ɗan ƙarami ne, a tsakanin duwatsu, ba zan kama sunansa ba don kada 'yan rumfa su ce za su je su bincika ko na yi rawa. Da muka zauna aka kawo ruwa a kwano, Madam Rozin ta fara kurɓa kafin ta miƙa wa Ayya. Ayya ta dube ni. Na raɗa mata cewa haka suke yi, don baƙo ya san ba a sa masa komai ba. Ta ce, "Ikon Allah. Mu in ka sha ruwan baƙo gabanshi, ai sai a ce ba ka da tarbiyya." Amma ta shanye tas.

Ban taɓa sanin Madam Rozin da wani hali ba bayan taurin ciniki, sai da na kwana gidanta. Ta share wa Ayya ɗakinta na kanta. Ta aro sababbin tukwane wurin wani mahauci Ba'arewe da ya shekara ashirin a garin, kuma shi ta kai wa kaza ya yanka, ta sa shi ya zo da kansa ya shaida wa Ayya. Akwai gicciye a bango, ta ce, "Mama, ni cire shi?" Ayya ta ce, "Bar abinki, bangonki na. Nuna min gabas kawai." Sakwara aka yi mana da miyar gyaɗa. Ayya ta ci loma uku ta ce abinci ne mai kyau amma ba ya jin magana, kana jan shi yana jan ka. Abin da ya fi damunta aladu ne da ke yawo a lungu kamar awaki. Duk inda za ta, zanenta a tattare yake har ƙwauri.

Ranar Asabar aka kai mu wurin Baba Samuwel, tsohon mushen lakwal, wato malamin makaranta, wanda ya haura tamanin, shi ke riƙe da mabuɗin coci kuma shi ke karanta sunayen. Hanyar ta bi ta maƙabartarsu. Kowane kabari an ɗaure shi da siminti, an rubuta suna, wasu har da hoto. Ayya ta tsaya ta sa na karanta mata uku ko huɗu. Ta ce, "Mu damina biyu ta isa a rasa inda anka sa mutum." Ban san ko yabo take yi ko zargi ba, ita ma ina jin ba ta sani ba.

A ƙofar coci ta tuɓe takalmi. Baba Samuwel ya ce da Faransanci in gaya mata ba sai ta cire ba. Ta ce, "Ba nan suka kiran Allah ba? To." Tsohon ya tsaya yana kallon ƙafafunta, sai ya dafa bango ya tuɓe nasa. Ni da Madam Rozin muka bi sahu. Haka muka shiga mu huɗu ba takalmi, masu wurin da baƙinsu.

Allon sunayen sojojin yana jikin bango ta hannun dama, na farin dutse, sunaye goma sha ɗaya. Na bayyana wa Baba Samuwel abin da ya kawo mu. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya ɗaga sandarsa yana bin sunayen ɗaya bayan ɗaya. Wannan a babban yaƙin Turai ya mutu, ya girme wanda kuke nema. Wannan jikokinsa na Kwatano. Wannan matarsa 'yar nan ce, bara waccan ta rasu. Haka ya yi ta cirewa har tara suka fita, kowanne da danginsa da suka san inda ya yi aiki da wadda ya aura. Saura biyu. Timote Akpo da Lazar Shabi. Ya ce duka biyun a Aljeriya suka mutu, duka biyun an fara tura su arewa kafin a sa su jirgi. Timote shi kaɗai ne wurin uwarsa, ita kuma ba ta shekara ba bayan labarin ya zo. Dangin Lazar sun yi ƙaura zuwa Najeriya tun da daɗewa, ba a sake jin ɗuriyarsu ba. Ya ce tun da ya karɓi karatun nan ba a taɓa miƙewa an amsa wa waɗannan biyun ba.

Na ce, to wanne ne ya yi gadi a bakin babban kogi? Tsohon ya ce lokacin yana ɗan lakwal, ya tuna ɗaya dogo ne ɗaya gajere, ɗaya yana da murya a waƙa, amma wane ne wane, ba zai yi ƙarya a cikin coci ba. Wasiƙunsu da littafin coci na lokacin suna cikin wani akwati, gara ta cinye. Hoto babu. Ya taɓa rubuta wa ofishin tsofaffin sojoji, aka ce takardun suna Faransa, daga nan shiru.

Na fassara wa Ayya duka, ban rage komai ba. Ta ce in nuna mata su. Ta ɗora tafin hannunta a kan na farko ta daɗe, ta ɗora a kan na biyu ta daɗe. Sannan ta share hannun a gyale ta ce, "Dutse na. Bari sai gobe, in anka kira da baki."

Ranar Lahadi cocin ya cika har waje, yawancinsu cikin fararen kaya, wasu daga Kwatano suka zo, wasu daga Legas. Maza da mata a haɗe suke zama, abin da Ayya ta lura da shi amma ta riƙe bakinta. Mun nemi kujerar baya, Madam Rozin ta ja mu har gaba. Waƙa kam uwar Ayya ba ta yi musu ƙarya ba. Sun yi ta har na fara tunanin ko sun manta da abin da ya tara su. Daga baya fasto ya yi magana da yarensu mai kama da Yarbanci, na ji ya ambaci Malanbil, duk kawuna suka juyo kanmu. Ayya ta ja gyale ta gyara zama.

Baba Samuwel ya fito ba takarda a hannunsa. In ya kira suna sai a buga ƙararrawa sau ɗaya, dangi su miƙe su faɗi wata kalma tare. Madam Rozin ta ce ma'anarta "ga mu". Wani sunan mutum ashirin suka miƙe masa har da jarirai a goye, wani mutum uku, wani wata tsohuwa guda da aka tallafa. Ban san ko ɗaya daga cikin mamatan nan ba, addininmu ma ba ɗaya ba, amma abin ya taɓa ni. Samari ne da ba su kai shekaruna ba, aka ɗebe su daga ɗan garin nan aka kai su ƙasar da ba su taɓa jin sunanta ba, ko gawarsu ba ta dawo ba.

Suna na shida ya ce, "Timote Akpo." Aka buga ƙararrawa. Cocin ya yi tsit. Na dubi Ayya, idonta a rufe, ta karkata kai kamar mai sauraron sallama daga zaure. Ta damƙe gwiwata har na ji zafi. Baba Samuwel yana jira, kowa yana jira. Ta raɗa mini, "Maigida, ban ji komi ba." Tsohon ya buɗe baki zai wuce, sai na ji ta dafa kafaɗata ta yunƙura. Ta miƙe tsaye, ta ce da Hausa, da ƙarfi, "Ga ni." Ni ma na miƙe, don in jininsa ne ita, ni ma jininsa ne.

Muka zauna. Aka kira biyu, danginsu suka amsa. Sannan ya ce, "Lazar Shabi." Ƙararrawa. Ta sake rufe ido, amma wannan karon ba ta daɗe ba. Ta miƙe ta ce, "Ga ni." Aka yi 'yar hayaniya a baya, masu tambaya suna tambaya, masu sani suna bayani. Sai da aka ba Baba Samuwel ruwa kafin ya kira sauran biyun.

Da aka tashi tsofaffin mata suka yanyame ta. Wannan ta kama haɓarta ta juya, waccan ta sa ta buɗe baki. Wasu suka ce goshin nan na gidan Akpo ne ba tantama, wasu suka ce wushiryar nan ko makaho ya shafa ya san ta gidan Shabi ce. Gardama ta yi zafi har fasto ya shiga tsakani. Ayya na tsakiya tana dariya, tana raba kifi da daddawa, wanda ya ƙare kafin ya kai rabin mutane. Na ce a raina, to alhamdu lillahi, abin ya zo da sauƙi.

Can na neme ta na rasa. A bayan coci na same ta zaune kan wani dutse, takalminta a hannu, tana kuka irin wanda ban taɓa gani a wurinta ba, ko ranar da kakana ya rasu. Na tsuguna. Ta ce, "Shekara saba'in ina cewa in na ji shi ni gane. Na kasa kunne, wallahi na kasa. Dut biyun baƙi na gare ni." Na ce ai ɗayansu shi ne, kuma ta amsa masa. Ta ce, "Na sani. Amma da wane suna za ni roƙa mishi Allah?" Ta share ido da gefen gyale, sai kuma faɗa ya zo. "Kunya! Mi kunyar ga ta amhwana min? Da uwata ta hwaɗa min sau guda, ko cikin kunne, ko ranar da za ta mutu. Ina riƙe da kanta hwa, na tambaye ta, ta juya ma bango." Ban taɓa jin ta zargi uwarta ba sai ran nan. Na zauna kusa da ita har aka zo kiran mu cin abinci.

Ranar Litinin muka kamo hanya. Madam Rozin ta cika mana buhu da garin rogo, Baba Samuwel ya rako mu bakin titi da sandarsa, ya ce in gaya mata kujerarta na nan baɗi. Ta ce, "In da rai." A mota ba ta yi tambaya ko ɗaya ba. Na saya mata wagashi a Faraku ta riƙe a cinya har Kandi. Ni kuwa ina ta auna abin a raina, ko na kyauta da na kai ta, ko da na bar ta da burinta ya fi. Har yau ban gama aunawa ba.

Ta kwana uku a gidana ta huta, ranar Alhamis da hantsi na raka ta Gaya. Muna tsakiyar kogi, inji na ƙara, ta jawo hannun rigata ta ce, "Maigida, ɗiya nawa na haihwa?"

Na ce, "Shida," na fara lissafa mata su daga mahaifiyata.

Ta ce, "Bakwai."

Na zaci ruɗewa ta yi. Ta ce, "Kahin uwarka akwai namiji. Hal ya hwara tahiya, zazzaɓi ya ɗauke shi cikin kwana ukku. Ɗan hwari na, ban taɓa kama sunanshi ba shina da rai. Da ya tahi kuma ba wanda ya sake tada zancen, don kar in yi kuka. Kakanka ya tahi, uwata ta tahi, waɗanda sunka ci naman suna dut sun tahi. Ko uwarka ba ta san an yi shi ba. Ni ɗai na rage."

Ta ja gyale ta rufe bakinta, ta sauke, ta sake rufewa. Tsohuwar da ta miƙe gaban coci guda ta yi magana da ƙarfi, ga ta nan tana fama da kalma ɗaya kamar an ɗora mata dutsen niƙa. Na matsa na kai kunnena kusa da bakinta.

Ta ce, "Idirisu."

Na ce, "Idirisu."

Ta ce, "Sake hwaɗi."

Na sake. Ta gyaɗa kai ta ce in gaya wa mahaifiyata yau ba gobe ba, in gaya wa Kawu Garba, in gaya wa 'ya'yana. Na ce to. Ta saki rigata, ta juya wajen ruwa. Jim kaɗan na ji ta sake faɗar sunan, amma ba da ni take ba. Ta ja ƙarshensa, da irin muryar da mata ke kiran yaro in ya daɗe a waje.